Kalandular daji: yadda ake gane ta, a busar da ita, a haɗa maganin fata da ita

Kalandular daji ƙaramin tsiro ne mai fure rawaya, wanda masana tsirrai ke kira Calendula arvensis. Gidanta ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne: Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Sifen, kudancin Faransa, Italiya, Girka, Turkiyya, har zuwa Falasɗinu. A can ba shuka ta ake yi ba. Ita ke fitowa da kanta a gonakin inabi da na zaitun da gonakin da aka bari su huta, manoma da yawa ma ciyawa suka ɗauke ta. A Maroko ana ce mata jamra, kuma an daɗe ana wanke rauni da ruwan furenta. Tana da 'yar'uwa ta lambu, Calendula officinalis, mai manyan furanni, wadda ita ce ake sakawa a mayukan kalandula da ake sayarwa a kantunan magani.

Amfaninta na gaskiya a fata yake, kuma a ƙananan abubuwa: ƙujewa, ɗan yanka marar zurfi, fatar da rana ta ƙona, kaushi da tsagewar leɓe, da kumburin dasashi. Wanda ya tsaya nan zai ji daɗinta. Wanda ya ɗora mata gyambon ciki ko hanta ko sankara, kamar yadda wasu masu talla ke yi, ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Gane ta tukuna

Nan ne kuskuren farko ke faruwa, musamman ga mai karatu a Najeriya ko Nijar. Furen nan mai ruwan lemo da ake shukawa a harabar makarantu da ofisoshi, wanda masu sayar da furanni ke kira marigol, galibi ba kalandula ba ne. Tagetes ne, asalinsa Meziko. Danginsu ɗaya, amma sinadaransu daban, kuma ruwan jikin Tagetes kan yi wa fatar wasu ƙaiƙayi da ja, balle idan rana ta taɓa wurin. Bambance su ba wuya. Ganyen Tagetes a yayyanke yake gida-gida, warinsa mai hawa kai ne, irinsa kuma dogo ne baƙi siriri mai ɗan farin gashi a kai. Ganyen kalandula guda ne, bai rabu ba, dogo mai ɗan tsini, yana manne da kara ba tare da wani dogon wuya ba.

Kalandular daji ba ta cika wuce santimita 30 a tsayi ba, ko da yake a ƙasa mai taki takan kai 50. Tana yin rassa tun daga gindi. Jikinta duk akwai ƙananan gashi, idan ka murza ganyen za ka ji ɗan danƙo a yatsa da ƙamshi irin na ƙaro. Furen bai cika wuce santimita 1 zuwa 2 a faɗi ba, jerin ganyen furen layi ɗaya ne, yana buɗewa da hantsi ya rufe da yamma ko idan hadari ya haɗu.

Shaidar da ba ta ƙarya ita ce iri. Idan furen ya kaɗe, a kai ɗaya za ka ga iri kala uku: na waje dogaye masu lanƙwasa da ƙananan ƙayoyi a baya, na tsakiya masu faɗi da fiffike, na ciki kuma ƙanana a naɗe kamar tsutsar da ta dunƙule. Duk furen rawayar da irinsa ke da farin gashi mai tashi a iska, ba ita ba ce. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin a gonakin da take fitowa akwai wasu masu furen rawaya na jinsin Senecio, waɗanda ke ɗauke da guba mai lalata hanta.

Abin da ke cikinta da abin da aka tabbatar

Furen na ɗauke da sinadarai masu kumfa da ake kira safonin. A shekarun 1980 aka ware biyu daga cikinsu a wannan tsiro, aka ba su suna arvensoside A da B. Akwai kuma wasu sinadaran da ake kira filabonoyid, da karotinoyid masu ba shi launi, da ɗan mai mai ƙamshi. A 'yar'uwarta ta lambu, sinadarin da aka fi danganta rage kumburi da shi sunansa faradiol, kuma a mai ko barasa yake narkewa, ruwa ba ya fitar da shi sosai. Shi ya sa man shafawa ya fi shayi ƙarfi a aikin fata. A gida ana busar da kan furen gaba ɗaya, har da koren gindinsa mai danƙo.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan ta dajin kusan duk a ɗakin bincike ne da jikin ɓeraye. Sun nuna tana rage kumburi, tana kuma danne wasu ƙwayoyin cuta a farantin gwaji. Gwaji a jikin mutane kuwa a kan ta lambun aka yi shi. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da furen Calendula officinalis a matsayin maganin gargajiya na ƙananan kumburin fata, da taimakon warkewar ƙananan raunuka, da kumburin baki da maƙogwaro. A 2004 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Lyon na Faransa a kan mata 254 masu sankarar mama da ake gasa musu ciwon da hasken na'ura a asibiti: kashi 41 cikin ɗari na masu shafa man kalandula ne fatarsu ta ƙone sosai, a ɗaya ɓangaren mai shafa wani man da ake kira trolamine kuwa kashi 63. Amma wani gwajin da aka yi a Sweden, aka buga a 2013, bai ga bambanci tsakaninta da man shafawa na yau da kullum ba. Tunda ta lambun ce aka gwada a jikin mutane, duk awon da za a kawo nan gaba nata ne. Wanda ta lambun ce ta zo hannunsa zai bi matakan nan ba tare da sauya komai ba.

Tsinka da busarwa

A tsinki furen da hantsi, bayan raɓa ta bushe kuma furen ya buɗe sarai. A cire kan kawai da farce, ba da kara ba. Wanda ya fara yin iri a bar shi. Tsinka ba ta kashe tsiron, ƙara masa fure ma take yi, don haka ana iya komawa duk bayan kwana biyu ko uku. A guji na bakin titi da na gonakin inabi da na zaitun da ake fesa wa maganin ciyawa, tunda tsiro ne da manoma ke fesawa da gangan. A zuba a kwando ko jakar takarda. Leda tana sa shi gumi, cikin awa ɗaya sai ya fara baƙi.

Ba a wanke furen da za a busar. A karkaɗe ƙwarin da ke ciki, a baza shi ɗaiɗai a kan faifai ko matankaɗi ko raga, fuskarsa na kallon ƙasa, a inuwa inda iska ke ratsawa. Rana kai tsaye tana cinye launin, kuma launin nan shi ne karotinoyid ɗin. Idan da na'urar busarwa za a yi, kada zafin ya wuce digiri 40 a ma'aunin Celsius. A juya shi sau ɗaya a yini.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ganyen furen kan bushe cikin kwana biyu ko uku, alhali koren gindin na riƙe da ruwa har mako ɗaya ko biyu. A ɗauki mafi girma a ciki a fasa gindin da farce. Idan ya ɓare ƙaras, ya bushe. Idan ya lotsa ko aka ji sanyi-sanyi a cikinsa, da saura. Furen da aka rufe a kwalba da sauran danshi fumfuna zai yi, wanda kuma aka zuba wa mai a haka zai lalata man gaba ɗaya. Kilo ɗaya na ɗanye ba ya ba da fiye da giram 150 zuwa 200 na busasshe, kuma furen ta daji ƙarami ne, sai an yi haƙurin tsinka. A adana a kwalba mai murfi a wuri mai duhu, a rubuta wata da shekara a jiki. Bayan shekara ɗaya, ko da zarar launin ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, ƙarfinsa ya ragu.

Mai sayen busasshe daga kanti ya duba abu uku: sunan Calendula a jikin fakitin, launi mai haske, da ƙamshi. Idan warin rima yake yi, a bar musu kayansu.

Ruwan wanki da kurkure baki

Giram 1 zuwa 2 na busasshen fure, wato kamar cokalin shayi biyu, a tafasasshen ruwa mililita 150, kimanin ƙaramin kofin shayi. A zuba ruwan a kan furen, a rufe, a bar shi minti 10, a tace da ƙyalle mai tsabta don kada ɓurɓushi ya shiga rauni. Idan ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a jiƙa auduga ko bandeji a ɗora a wurin na minti 10 zuwa 15, sau 2 zuwa 4 a yini. Kafin nan a wanke datti da ƙasa daga raunin da ruwa mai tsabta da sabulu. Ruwan furen ba ya maye gurbin wannan wankin.

Don dasashi mai kumburi ko ƙurajen baki, da wannan ruwan ake kurkurewa a tofar, sau 2 zuwa 4. Na yau na yau ne, wanda ya kwana a zubar, domin ruwan ganye a yanayin zafi ba ya daɗewa kafin ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki.

Kantunan magani a Turai suna sayar da ruwan furen da aka jiƙa a barasa. Ba a sa shi a rauni tsurarsa, sai an sirka kashi ɗaya da aƙalla kashi uku na tafasasshen ruwan da ya huce, in ba haka ba zai yi raɗaɗi ya busar da fata.

Man kalandula

Awon da ya fi sauƙin riƙewa shi ne giram 20 na busasshen fure a mai mililita 200. Man zaitun aka saba amfani da shi a ƙasashen da tsiron yake, kuma yana jure ajiya. Man riɗi ma ya yi. Man gyaɗa a bar shi, saboda wasu jikinsu ba ya karɓarsa, musamman yara masu ƙurajen fata.

A wanke kwalba a bar ta ta bushe ƙarƙaf, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata aikin. A ɗan murmushe furen da hannu, a zuba, a bi shi da mai har ya rufe shi da kaurin yatsa biyu. A soka tsinke mai tsabta a fitar da iskar da ta maƙale. Busasshen fure yana shan mai, don haka washegari a duba, a ƙara idan wani ya leƙo sama, domin wanda ya leƙo shi ne ke fara fumfuna. A rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi amma ba cikin rana ba, ana girgizawa kullum, na mako 4 zuwa 6. Littattafan Turai da yawa na cewa a ajiye kwalbar a taga rana ta riƙa dukanta. Wannan shawara ce ta ƙasashe masu sanyi. Ranar Maris da Afrilu ta Kano ko Yamai dafa man za ta yi, ya fara wari kafin lokacinsa.

Mai gaggawa zai iya bin hanyar ɗumamawa. A shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, a zuba ruwa, a tsayar da kwalbar a ciki ba tare da an ɗaure murfin ba, ruwan ya kai rabinta. A sa wuta ƙasa-ƙasa, zafin man ya tsaya tsakanin digiri 40 da 50 na awa 3 zuwa 4. Idan babu ma'aunin zafi, a gwada ruwan tukunyar da yatsa: a ji zafi amma a iya jurewa na ɗan lokaci. Idan furen ya fara ƙara irin ta suya ko ya yi duhu, an ƙona shi. A kula kada tururi ya ɗiga cikin kwalbar.

A tace da ƙyalle mai laushi, a matse. A bar man ya kwana, sannan a tsiyaye na saman zuwa wata kwalbar, a bar gurɓin da ya kwanta a ƙasa. Mai kyau launinsa ruwan zinariya ne, garau. Idan ya yi hazo-hazo, ko aka ga ɗigon ruwa a gindin kwalba, ko murfin ya yi gumi, ruwa ya shiga. Idan yana warin tsohon fenti, ya lalace. Duka biyun ba su da gyara, zubarwa ake yi. Wanda aka yi daidai kan kai wata 6 zuwa shekara a wuri mai sanyi da duhu.

Mayar da shi man shafawa mai kauri

Giram 100 na man da aka tace, giram 20 na kakin zuma. A gari mai tsananin zafi a kai kakin giram 25, in ba haka ba zai narke a gwangwani. A kankare kakin ƙanana, a haɗa da man a kwano, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi. Kaki yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, da ya narke a sauke, babu amfanin ci gaba da dafawa. A ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi a jira minti ɗaya. Idan ya yi tauri da yawa a ƙara mai, idan ya yi ruwa a ƙara kaki. A zuba a ƙananan gwangwanaye busassu, kuma kada a rufe sai ya huce sarai, domin tururin da zai taru a murfi ruwa ne.

Ga kaushi da faso na lokacin hunturu, haɗin da ya fi riƙe fata shi ne giram 60 na man kalandula, giram 30 na man kaɗanya, giram 15 na kaki. Man kaɗanya yakan yi tsaki-tsaki idan ya huce a hankali, don haka a sa gwangwanayen a firij ko a jera su a faranti mai ruwan sanyi su daskare da wuri. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, a goge, a shafa, a sa safa.

Shafawa siriri ake yi, sau 2 ko 3 a yini, da hannu mai tsabta.

Inda ba a sa ta

Kafin amfani na farko a shafa kaɗan a cikin damtse a jira awa 24 zuwa 48. Ja, ƙaiƙayi ko ƙuraje na nufin jikin bai karɓe ta ba. Kalandula dangin tazargade ce da shuwaka da latas da furen kamomil, don haka wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa tayar masa da borin jini ko ƙaiƙayi ya nisance ta.

Ƙuna sabuwa ba a sa mata mai, kowane iri ne. Mai yana riƙe zafin a cikin fata. Ruwan famfo mai sanyi ake sakar wa wurin na minti 20, ba ƙanƙara ba. Man kalandula sai daga baya, idan fatar ja kawai ta yi ba ta tashi ba. Ƙunar da ta yi bororo mai faɗi, ko ta fuska, ko ta gaba, ko ta jariri, ta asibiti ce.

Haka ma raunin da ya yi zurfi, sukar ƙusa, cizon kare, da mikin da ke fitar da mugunya. Man shafawa mai kaki yana toshe bakin rauni, ya rufe ƙwayoyin cutar a ciki, sama ta warke ƙasa na ruɓewa. Sukar ƙusa allurar tetanus take buƙata, cizon kare kuma allurar ciwon haukan kare, a ranar. Mai ciwon suga da ya ga miki a ƙafarsa, komai ƙanƙantarsa, kada ya tsaya gwada ganye. Makero da ƙazwa ma suna da magungunansu masu arha da aka tabbatar, man kalandula zai iya lafar da ƙaiƙayin amma cutar na nan. Ba a ɗiga ruwanta a ido, duk da cewa tsofaffin littattafai sun ambaci haka, domin ruwan da aka haɗa a gida ba ya kai tsabtar da ido ke buƙata.

Hukumar Turan nan ba ta ba da shawarar shafa ta ga yaron da bai kai shekara 6 ba, ko kurkure baki ga wanda bai kai 12 ba, saboda ƙarancin gwaji a kansu. Mai ciki kada ta sha: a gargajiyance ana ba da ita don saukar da jinin al'ada, wannan kaɗai ya isa dalili. Shan ta a matsayin shayi na yau da kullum ma ba ya cikin abin da aka amince da shi, ta dajin kuma safonin ɗinta na iya tayar da ciki idan aka yawaita. Ɗan ganyen fure da ake barbaɗawa a salak don launi ba shi ne abin damuwa ba.

Duk abin da aka yi mako ɗaya ana shafa wa bai sauya ba, a kai shi ga likita. Idan jan yana faɗaɗa, ko wurin ya ɗauki zafi da zogi, ko zazzaɓi ya shigo, ba sai an jira makon ba.

Ga mai son shukawa

Tsiron sanyi ne. A arewacin Afirka da ruwan hunturu take tsirowa ta yi fure kafin bazara. A ƙasar Hausa lokacin da ya dace shi ne na noman rani, a shuka a Nuwamba tare da latas da karas, a tsinki fure daga Janairu har zafi ya shigo. Tsaunukan Jos da Mambila sun fi ba ta tsawon lokaci. Damina ba ta yi mata, danshi da zafi suna jawo farar fumfuna a ganye da ruɓewar saiwa. A binne irin zurfin santimita 1, a bar tazarar santimita 20 zuwa 25, a ƙasa mai tsane ruwa. Yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, fure kuma ya fara bayan mako 6 zuwa 8. Taki mai yawa ganye yake ƙarawa, ba fure ba.

Wanda magani yake nema, ta lambun ta fi masa riba: fure ɗaya nata ya kai da yawa na ta dajin, irinta ya fi samuwa, kuma ita ce aka fi gwadawa. Ta dajin tana zubar da iri da yawa, har ta zama ciyawar da ta addabi gonaki a sassan Ostareliya da Kalifoniya inda aka kai ta. Idan an shuka ta, a tsare ta a tukwane ko kwami ɗaya, a riƙa tsinke furen kafin ya yi iri, a bar kawuna kaɗan kawai su nuna. Idan sun koma ruwan ƙasa a yanke su cikin jakar takarda kafin su zube, a ƙarasa busar da su a inuwa, a ajiye don Nuwamba mai zuwa.